Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga magidantan da matansu ke fama da sankarar mama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da ƙannena magidanta, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wata magana da ba kasafai ake yin ta da ku ba, alhali kuwa rabinta a hannunku yake. Ni matar aure ce, uwar 'ya'ya. An cire mini mama ɗaya saboda sankara, na sha kemo, wato ƙarin ruwan maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara, an yi mini gashi da na'ura, yanzu kuma ina kan ƙwayar da zan yi shekaru ina haɗiya. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, ana tara mata a wayar musu da kai. A koya musu yadda za su shafa ƙirjinsu su ji ko akwai ƙululu, a yi musu nasiha, a sallame su. Madalla da wannan. To amma matar da ta koma gida ta ji ƙululun, wa za ta nemi izininsa ta fita? Wa zai ba da kuɗin mota, da na kati, da na hoto? Ranar da likita ya ce sai an yi aiki, bakin wa dangi za su zuba wa ido su ji ko a yi ko kada a yi? Ku ne. An daɗe ana yi wa mata huɗuba a kan cutar nan an bar masu yanke hukunci a waje.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kusan miliyan 2.3, kuma ta yi ajalin kimanin 670,000. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, inda ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sabbin kamu sama da 32,000 da mace-mace sama da 16,000. A ƙasashe masu ƙarfin arziki kuwa, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara biyar da gano cutar. Ba wata cuta daban ce ke kama su ba. Su da wuri suke zuwa, kuma suna ƙarasa magani. Shi ya sa a 2021 hukumar ta kafa wa ƙasashe ma'auni uku: a gano aƙalla 60 cikin 100 tun cutar na mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan aƙalla 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu. Gwamnati na da nata kason a nan, babba ma kuwa. Amma ku dubi ukun nan da kyau, babu wanda ba ta zauren gidanku yake bi ba.

Abin da ya fi yaudarar mu shi ne ƙululun ba ya ciwo a farko. Mace za ta ji shi tana wanka, ta ce bari ta ga ko zai baje. Ta yi wata, ta yi wata uku, tana girki, tana wanki, babu abin da ya hana ta. Mu kuma an tashe mu a kan cewa abin da bai kwantar da kai ba bai kai a kai shi asibiti ba. Ga kunya, ga tsoron a ce ta cika raki, ga sanin halin aljihun maigida. Bayan ƙululu akwai wasu alamun: kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko ya riƙa fitar da ruwa mai jini, fatar wurin ta yi kauri da 'yan ramuka irin na ɓawon lemo, mama ɗaya ya sauya girma ko siffa, kaluluwa ta fito a hammata ta ƙi komawa, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Zan faɗi wata magana, ku yi mini afuwa: sau da yawa miji ne yake riga kowa lura. Idan ka lura, Malam, ka yi magana. Kuma ka san cewa mafi yawan ƙululun da ake samu a mama ba sankara ba ne, sai dai babu mai iya rarrabewa da hannu ko da ido, ko da kuwa likita ne, sai an yi gwaji. Mai shayarwa ma haka. Idan an ce nono ne ya taru aka ba ta magani, amma taurin bai tafi ba bayan ta shanye, a koma. Idan akwai likita mace, ku nema mata, haƙƙinta ne. Idan babu, larura ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini rai, wadda na tabbata kowannenku ya taɓa ji: wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na ji ta daga bakin mutanen da ke ƙaunata da gaske, har da masu ilimi. Kuma na gane inda ta samo asali. Mace ce za a yi ta yawo da ita shekara guda ko biyu, daga wannan mai magani zuwa wancan, sai mama ya fashe, cutar ta riga ta kai huhu ko hanta ko ƙashi, sannan a kwashe ta a kai asibiti. A yi abin da za a iya, bayan 'yan watanni Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki sai ka ji ana cewa, ai da ma an ce kada a bari su taɓa. Wuƙar likita ta ɗauki laifin shekara biyun da aka ɓata, maƙwabciya kuma ta ji, ta ƙara ɓoye nata.

Ga yadda abin yake. Kafin a ce wa mace tana da sankara, sai an yi hoto, sannan a sa allura ta musamman a ɗebi ɗan tsokar da bai kai tsinken ashana ba, a kai ɗakin gwaji a duba. An kashe wurin, ba a kwana, da ƙafarta za ta koma gida. Wannan ɗiban ba ya watsa cutar. Ita sankara da kanta take tafiya, ta hanyar jini da ta hanyar kaluluwa, kuma abin da take buƙata kawai shi ne a ba ta lokaci.

Na zauna a benci ɗaya da wata baiwar Allah da aka kawo daga ƙauye. Ta naɗe ƙirjinta da tsohon zani a ƙarƙashin hijabi, ta zuba turare mai yawa, tana ta jan jiki zuwa ƙarshen benci don kada mu ji wari. Da muka saba ta gaya mini wani ƙulli ne aka ba ta, ana kwaɓawa a shafa, aka ce zai janyo dajin ya fito waje. Ya cinye fatar, aka ce ai alamar yana aiki ke nan. An sayar da tumakinta, an sayar da gadonta, ranar da aka zo asibiti ko kuɗin gwajin jini babu. Ba na zagin kowa. Mijinta na tsaye a bakin ƙofa, kana ganinsa ka ga wanda ya yi iya abin da ya sani. Abin da ya sani ɗin ne bai isa ba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa.

Ban ce a bar addu'a ba, Allah ya kiyaye. Ni kaina da ita na rayu. A yi tofi, a yi sadaka, a sha zamzam, a roƙi iyaye su sa baki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, kuma bai ce addu'a da magani kishiyoyi ba ne. Abin da nake roƙo shi ne duk jiƙo, duk garin magani, duk ƙwayar da wani ɗan'uwa ya aiko da ita, a nuna wa likita kafin ta sha. Hanta da ƙoda su ne ke tace kemo, wasu saiwoyin kuma suna jigata su, har a zo ranar ƙarin ruwa gwaji ya nuna ba za a iya ba.

Haka nan ku taimaka ku kashe wutar zargi a gidajenku. Da an ce sankara, sai a fara waige-waige: kishiya ce, facala ce, jifa ne, sammu ne. Gida ya rabu biyu a daidai lokacin da marar lafiya ke buƙatar kowa. Sankara tana farawa ne idan wasu ƙwayoyin halitta na cikin mama suka lalace suka riƙa hayayyafa ba tsayawa. Kusan rabin matan da take kamawa ba a samun wani dalili tare da su face kasancewarsu mata da kuma shekaru. Ba a ɗaukarta ta kwano, ko ta shimfiɗa, ko ta wanki. Ajiye kuɗi ko waya a rigar mama ba ya kawo ta. Kimanin 5 zuwa 10 cikin 100 ne na gado, kuma gadon yana iya biyowa ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa, don haka idan ta taɓa kama mahaifiyarka ko 'yar'uwarka, 'ya'yanka mata su sani. Maza ma tana kama su, kusan ɗaya cikin kowane 100 na masu cutar.

Ranar karɓar sakamako kada ka bar ta ta je ita kaɗai, kada kuma ka haɗa ta da ƙaramin yaro. Daga lokacin da likita ya furta sunan cutar, kunnen mace ya toshe. Ni dai bakinsa kawai nake gani yana motsi. Kai ne za ka riƙe biro da takarda. Ka tambaya mataki na nawa ne, daga ɗaya zuwa huɗu. Ka tambaya ko an yi gwajin da ke nuna irin sankarar, wanda a takarda za ka ga an rubuta ER da PR da HER2. Wannan gwajin yana da ƙarin kuɗi, mutane da yawa suna tsallake shi, alhali shi ne ke nuna maganin da zai ci. Wata sankarar, mai ER ko PR, da sinadarin jikin mace take girma, ita ce ake ba wa ƙwaya irin su tamoxifen. Wata mai HER2 ce, tana da allurarta ta musamman, trastuzumab, wadda akan yi kusan shekara ana yi, mai tsada ƙwarai. Wata kuma ba ta da ko ɗaya cikin ukun, kuma irin wannan tana da yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma, ita kemo ne babban makaminta. Shi ya sa ba a cewa ai matar wane ba haka aka yi mata ba. Wata za a fara mata da aiki, wata da kemo don ƙululun ya ragu tukuna. Wadda ta zo da wuri ma wani lokaci ƙululun kawai ake cirewa a bar mata mamanta, a bi da gashi.

Akwai wata al'ada da nake roƙon ku bari, ta ja likita gefe a ce kada a gaya mata. Na san tausayi ne ke kawo ta. Amma jikinta ne, kuma ta riga ta sani. Tana ganin yadda kuke yin shiru idan ta shigo. Abin da ɓoyewar ke yi kawai shi ne ta hana ta tambaya, ta hana ta kuka a gabanku, ta bar ta da tsoronta ita kaɗai cikin dare. Mace da ta san abin da ake yaƙa ta fi jure wahalar magani.

Maganar aiki kuma. Ban san yadda zan sa namiji ya fahimci abin da mace ke ji ba idan aka ce za a cire mata mama. Da shi ta shayar da 'ya'yanka. Tun tana budurwa take jin shi wani yanki ne na mutuncinta. Da yawa daga cikin matan da suka gudu daga asibiti ana gobe aiki, ba wuƙa suka ji tsoro ba. Fuskarka suka hango. Sun ji labarin wadda aka ce ta je gida ta yi jinya, ba a sake zuwa ɗaukarta ba, sai takarda ta biyo baya. Sun ji na wadda tana kwance da robar da ke zuƙe ruwa a hammatarta aka fara kai lefe wani gida. Ba ni da bakin haramta abin da Allah ya halatta, amma komai da lokacinsa, kuma kowa ya san abin da zuciyarsa za ta ji da a ce shi ne a kwance.

Ranar da aka kwance mini bandeji a gida, na ce wa maigidana ya fita. Ya ƙi. Ya riƙe kwanon ruwan ɗumi, ya dubi ɗinkin tun daga tsakiyar ƙirji har hammata, bai kau da kai ba, bai yamutsa fuska ba. Ya ce, "Sannu. Ai ya fara kamewa." Ya miƙo mini auduga. Abin da ya yi ke nan, kuma ban san wani magani da ya kai shi ba a wannan makon. Ku sani, tana karantar idonku fiye da yadda take karantar takardar likita. Idan ta warware, ku koma shimfiɗarku kamar da. Ba za ka ɗauki komai ba. Idan ta ja baya, ka bi ta a hankali, kunyar jikinta take ji, ga kuma magungunan da ke kawo bushewa da rage sha'awa, waɗanda likita na da abin da zai ba da a kansu idan an tambaya.

Hannun ɓangaren da aka yi aikin yana son kula, musamman idan an cire kaluluwar hammata, don yana iya kumbura ko bayan shekaru. Za a koya mata motsa shi, tana tattaka bango da yatsu tana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ku tuna mata. Kada a dawo mata da daka da jan ruwa a rijiya lokaci guda, a kiyaye hannun daga yanka da ƙuna, in ya fara nauyi ko zobe ya matse a koma asibiti.

Kemo shi ne inda aka fi zubar da mutane a hanya. Galibi duk bayan sati uku ake ƙara ruwan. Akwai wani ja a cikinsu, wanda ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, kada ku firgita. Wajen sati biyu zuwa uku da fara shi gashi zai soma zuba, a matashi, a ɗankwali, a wurin wanka, har gira. Zai dawo bayan an gama. Farce da tafin hannu su yi duhu, baki ya yi miki, abinci ya koma kamar ana tauna ƙarfe. Ƙamshin suyar albasa da take so a da, yanzu shi ke tayar mata da zuciya. Kada a yi mata faɗa a kan ta ƙi ci. A ba ta kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunu, koko, ƙwai, wake, kifi, romo, miyar zogale, duk abin da ya shiga, dafaffe sosai, da ruwa mai tsafta. Akwai maganin amai da ake rubutawa, a saya, a sha a kan lokaci tun kafin aman ya zo.

Abu ɗaya kuma da nake so kowane miji ya haddace. Kemo yana rage sojojin jini, sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa. A wannan tsakanin ƙaramin zazzaɓi yana iya kisa. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye a ɗaki. Idan ya kai 38, ko tana rawar ɗari, ba maganar kemis ba ce, ba maganar bari gari ya waye ba ce, ba a ce maleriya ce a ba ta ƙwaya a rufe ta da bargo. Asibiti za a tafi a daren, a gaya musu tana kan kemo. Masu dubiya kuma, Allah ya ba su lada, amma ɗaki cike da mutane, wannan na tari, wancan na goye da yaro mai mura, haɗari ne a gare ta. Ita kara ba za ta bar ta ta hana ba. Kai ne za ka tsaya a ƙofa ka ce ta samu barci.

Bayan ƙari biyu ko uku, ƙululun yakan ragu, wani ma ya ɓace. A nan ne ake cewa alhamdulillahi ta warke, ga wahala, ga kuɗi sun ƙare, a dakata haka. Manoma a cikinku sun san ƙiri-ƙiri: ka share abin da ke sama, gona ta yi fes, saiwar na nan a ƙasa tana jiran ruwa. Sauran ƙarin, da aikin, da gashin, duk saboda abin da ido ba ya gani ake yin su. Wadda ta tsaya a tsakiya takan dawo da cutar da ta fi ta farko taurin kai.

Ku yi maganar haihuwa da likita tun kafin a fara. Kemo na iya ɗauke al'ada, wata ta dawo, wata ba ta dawo ba. Ɗaukewar al'adar kuma ba ta hana ciki shiga, alhali ciki a kan kemo ko a kan tamoxifen haɗari ne ga jariri, don haka a tambayi hanyar tazara da ta dace da ita. Mai shayarwa sai ta yaye. Idan azumi ya riske ta a cikin magani, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame ta rama daga baya, kada a sa ta jin kamar ta yi laifi.

Kuɗi kuwa, ba zan ɓoye muku ba, cutar nan tana cinye gida. Shi ya sa kowace naira da ta tafi wurin mai ƙulli take da zafi. Tun ranar farko ka ce wa likita ya zayyana maka tafiyar gaba ɗaya, don ka san abin da za ka tara, kada ka sayar da komai a kan aiki a zo kemo a tsaya. Ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa masu sankara marasa ƙarfi, wanda ya shafi ta mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (wato prostate), aka soma da asibitoci shida, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Bai wadatar ba, amma haƙƙinku ne ku tambaya ku cike takarda. Mai inshorar lafiya ya bincika abin da take ɗauka. Akwai ƙungiyoyi irin su gidauniyar Medicaid da Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta kafa, da BRECAN wadda Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a 1997 bayan ita kanta ta yi jinyar cutar, kuma ga ta nan shekaru sun shuɗe. Sannan kada girman kai ya hana ka tara dangi. Yadda ake haɗa gudummawar biki, haka za a haɗa ta jinya. Masu fitar da zakka kuma su tuna da irin waɗannan gidaje.

Gashi da na'ura ba a kowane gari ake yi ba. Na'urorin kaɗan ne a ƙasar nan, mutanenmu sukan nufi Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ga layi. Ana yin sa daga Litinin zuwa Juma'a, tsawon sati uku zuwa biyar, kowace rana 'yan mintuna. Ba wuta ake sa mata ba, ba ta jin komai a lokacin, daga baya ne fatar ke yin duhu da zafi, ga gajiya. Wahalarsa ta masauki ce da abinci da wanda zai riƙe yara. A tsara wannan tun da sauran lokaci.

Idan ka ce mata ya jiki, za ta ce da sauƙi. Ko tana ganin mutuwa haka za ta ce, don haka aka koya mana. Ka zauna, ka sake tambaya. Abin da ke hana mu barci ba zafin ɗinki ba ne, lissafin yara ne: wa zai riƙe auta, wa zai aurar da babbar. Idan ta fara irin wannan magana kada ka katse ta da cewa ta daina fata marar kyau. Ka saurara. Kuka bai kore tawakkali ba. Yaran ma a gaya musu daidai hankalinsu, tun kafin su ji a bakin 'yan unguwa. Idan kuma ka ga ta daina magana, ta daina wanka, ta daina sha'awar komai har makonni, a gaya wa likita, damuwa ma cuta ce mai magani. In da hali ka haɗa ta da wata da ta bi hanyar ta fita. Ganin mace guda da ta gama kemo, gashinta ya tsiro, tana zuwa kasuwa, ya fi nasiha dubu.

Bayan an gama, ba a gama ba. Tamoxifen shekara biyar ake sha, wasu har goma. Yana kawo zufa da jin zafi kwatsam da saurin fushi, ka yi haƙuri da ita, kada ka bar ƙwayar ta yanke. Idan ta ga jinin da ba na al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a je a duba. Ranakun komawa asibiti a rubuta su a inda kowa zai gani.

Ga waɗanda aka ce wa cutar ta riga ta bazu, ban manta da ku ba. Mataki na huɗu ba a cika warkewa ba, amma akwai magungunan da ke danne shi, mace ta yi watanni ko shekaru a cikin iyalinta. Ko an kai inda ba a iya dannewa, akwai maganin ciwo mai ƙarfi, har da mofin na sha, akwai yadda ake wanke gyambo a kashe wari. Kada a mayar da ita ɗakin baya a rufe ƙofa. Babu dalilin da zai sa matarka ta kwana tana ihu alhali akwai abin da zai sauƙaƙa mata, ka je ka nema, ka nace.

Limamai da masu unguwanni da ke cikinku, ku ɗauki maganar nan zuwa mumbari da majalisa, don namiji ya fi jin ta daga bakin namiji. Sauran kuma, kowa ya tambayi iyalinsa yau ko akwai abin da ta ji a jikinta ta yi shiru. Idan ta ce akwai, a cikin satin nan za a je, kuma babban asibiti inda ake hoto da gwajin tsoka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba ku ikon riƙe amana.

Wassalam.

'Yar'uwarku,
wata mai jinyar sankarar mama.